Gyaran Gangar Auzinawa

Masu iya magana kan ce, da na sani ƙeya ce, a baya take. Mu dai mun ga tabbacin wannan magana a kan wani abu da mai karatu zai iya ɗauka ƙarami ne, wato tsohon keken mahaifinmu. Shekaru sun shuɗe da faruwar al'amarin, mai keken ma ya riga mu gidan gaskiya, amma har yau in muka haɗu mu 'ya'yansa maza uku, hira ta biyo ta kan keken nan, sai kowa ya sunkuyar da kai. Mun ga ya dace mu rubuta labarin a wannan mujalla, domin mun san a cikin ɗalibai da malamai ba za a rasa wanda ke da irin wannan keke jingine a zaure ko a bayan ɗaki ba, yana jiran ranar da wani mai kyakkyawar niyya zai zo masa da gwangwanin fenti.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, dillalin goro ne a unguwar Sabo ta Ibadan. Fatauci ne ya kawo iyayensa Kurmi, shi kuma ya tashi ya tarar da sana'ar, ya riƙe ta hannu bibbiyu. A shekarar 1972 ya sayi keken da muke magana a kai, bayan ya daɗe yana zubin adashi. Bai taɓa mance shekarar ba, domin a cikinta ne Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma hannun dama, har yakan yi raha ya ce kekensa bai san hannun hagu ba. Da fam da sule ya biya kuɗinsa, tun da naira ba ta fito ba sai a farkon 1973. Mahaifiyarmu ta ba mu labari cewa ranar da ya saye shi a Dugbe bai hau ba, turo shi ya yi da ƙafa har ƙofar gida, kuma takardun da aka naɗe ƙarafansa da su sai da suka yage don kansu kafin ya yarda a cire.

Keken ƙirar Raleigh ne, wanda bakin Bahaushe ya mayar Rali, kuma ɗan Ingila ne. A wancan zamani ana jin sunayen Hercules da Rudge da Humber, daga baya Phoenix na ƙasar Sin, wato Fonis, ya cika kasuwa saboda sauƙin kuɗinsa, aka kuma riƙa harhaɗa shi kansa Rali a Kano. Duk da haka, in aka ce wane ya sayi Rali ɗan Ingila, to an san ya taka wani matsayi, ko malamin makaranta ne shi ko ma'aikacin reluwe ko ɗan kasuwa. Na mahaifinmu baƙi ne wuluk, irin baƙin da in aka goge mutum kan hango fuskarsa a ciki, an ja masa siraran layuka masu ruwan zinariya a jikin ƙarafa da kan madigadi. Tayoyinsa manya ne, masu inci 28. Birkinsa na sanda ne, babu waya ko ɗaya a jikinsa. Kacarsa tana cikin rufaffen gida, don kada ƙura ta shige ta, kada kuma ta cafki bakin wando, abin da ya dace ƙwarai da mai babbar riga. Sirdinsa na fata ne mai kauri, ƙirar Brooks. A goshinsa kuwa akwai tambarin ƙarfe mai hoton kan zalɓe, an kafe shi da 'yan mitsi-mitsin ƙusoshi. Wannan zalɓe alamar gidan Frank Bowden ce, mutumin da a ƙarshen shekarun 1880 ya sayi wani ƙaramin shagon ƙera kekuna da ke titin Raleigh a birnin Nottingham, ya mayar da shi kamfanin da kayansa suka zaga duniya. Mu a lokacin ba mu san ko ɗaya daga cikin wannan tarihi ba, tsuntsun Baba kawai muke ce masa.

A kan wannan keke aka ciyar da mu. Da asuba Baba kan ɗaura kwando a kariya ya nufi ƙauyukan da ke kewayen Ibadan sayen goro, ya dawo da la'asar kaya sun yi masa nauyi. Wanda ya san Ibadan ya san gari ne mai tuddai, saboda haka in ya iso gangaren Mokola yakan danne birki a hankali, in kuma hawa ne ya sauka ya tura, yana cewa wanda ya tausaya wa abin hawansa ya tausaya wa aljihunsa. A kansa ya riƙa kai mu makarantar allo da ta boko, ɗaya a gaba ɗaya a baya. A kansa ne kuma ya ɗauki autanmu zuwa asibiti cikin tsakar dare, ran da zazzaɓi ya sa shi suma, fitilar keken ita kaɗai ke haska musu hanya.

Kowace Juma'a da hantsi yakan kifa keken a tsakar gida, ya ɗauko wani tsohon gwangwanin madara da yake ajiye tsumma da ɗan mai a ciki. Ya wanke laka, ya tsane ruwan, ya ɗiga mai a inda ya kamata, sa'an nan ya shafa man goge takalma baƙi a jikin fentin ya murza har ya ɗauki ido. Ba ya barinsa ya kwana a raɓa, ba ya jingine shi a rana. Duk da wannan tattali, shekaru sun bar masa alamunsu. A saman doguwar sandar tsakiya fentin ya sirance, wurin da rigar Baba ke gogawa in zai hau. Kusa da nan akwai wani farin tabo, inda takalman kowannenmu suka daddaka a lokacin da muke zaman goyo. A madigadin baya akwai lotsawa, tun ranar da wata akuya ta gitta masa ya faɗi da huhun goro. Sirdin ya lanƙwashe ya ɗauki siffar zaman mai shi, ta yadda in wani ya hau sai ya ji kamar ya sa takalmin aro. A ƙarƙashin sirdin kuma ya jera lambobin lasin keke, irin 'yan ƙarafan nan da akan saya wajen hukuma shekara-shekara, bai yar da ko ɗaya ba.

Zamani kuwa riga ne. Tun bayan kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 babura suka fara ture kekuna, har aka wayi gari ana yi wa mai keke kallon wanda duniya ta bari a baya. Mu da muka tashi muka yi boko, sai muka fara jin kunyar keken da ya kai mu makarantar. In abokanmu suka zo gida suka gan shi a zaure sukan tambaya ko na kakanmu ne. A lokacin kuma kekunan Kwatano sun shigo, masu launi iri-iri da miƙaƙƙen kai da birkin waya, muna ganinsu muna haɗiyar yawu.

A shekarar 1998 Allah ya nufi Baba da sauke farali. Kamar yadda aka saba, muka shiga shirin tarbar Alhaji: aka yi wa gida farar ƙasa, aka sake labule, aka sayo sabuwar darduma. A nan ne babban yayanmu ya dubi keken ya ce, ai bai kamata Alhaji sabo fil ya dawo ya hau wannan tsohon baƙin abu ba. Babu wanda ya musa a cikinmu. Muka haɗa ɗan abin da muke da shi, muka tura keken wajen wani mai fentin motoci a bakin titi. Mahaifiyarmu ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Ku dai da kun bari ya dawo." Muka ce mata, "Inna, ai so muke mu ba shi mamaki." Ta yi shiru ta koma.

Ba za mu ɗora wa mai fentin laifi ba, domin abin da muka ce ya yi shi ya yi, muna tsaye a kansa muna ƙara masa ƙarfin gwiwa. Da farko ya sa sanfefa mai kaushi ya kankare baƙin fentin har sai da farin ƙarfe ya bayyana, layukan zinariyan nan suka bi iska suka zama ƙura. Tambarin zalɓe ya hana shi sakewa, sai ya zura masa bakin sukudireba ya ɓamɓare shi, tambarin ya nannaɗe kamar ganye, ya jefar. Ramukan ƙusoshin da lotsawar madigadi da lambar da kamfani ya buga a jikin ƙarfen, duk ya cike su da ƙullin nan da ake shafe lotsawar mota da shi. Gidan kaca muka ce a cire, wai nauyi ne kuma tsohon yayi. Sandunan birki aka yanke da zarto, aka canja kai, aka ɗaura na waya. Aka datse madigadi don ya yi kama da na zamani. Aka kira mai walda ya liƙa sabuwar kariya a jikin keken da wuta. Sirdin fata muka musanya da na soso mai rufin roba, lambobin lasin kuwa suka zube a ƙasa babu wanda ya waiwaye su. Daga ƙarshe aka fesa shuɗin fenti mai ƙyalli, aka bi wuraren da ke da farin ƙarfe mai sheƙi da fentin azurfa, muka sayo 'yan takardun ado muka manna. Kafin mu bar wurin, wani ɗan gwangwan ya zo ya kwashe tarkacen da aka cire, muka karɓi abin da bai kai kuɗin ƙosai ba, muna murna mun rage asara. Aikin da ya ɗauki shekara 26 yana taruwa a jikin keken nan, kwana biyu suka ishe mu mu share shi.

Ranar da Alhaji ya sauka gida ya cika da 'yan barka. Sai da dare ya yi, jama'a suka watse, muka turo keken tsakar gida muka kunna fitila, muka durƙusa. Yayanmu ya ce, "Baba, ga ɗan abin da muka yi maka na sannu da zuwa." Baba ya dubi keken, ya dube mu, ya ce, "Madalla. Na wane ne?" Muka yi dariya muka ce ai nasa ne. Ya tashi a hankali ya zagaya shi. Ya ɗora tafin hannunsa a kan sirdin soso ya danna, ya ɗauke. Ya shafa sandar tsakiya tun daga farko har ƙarshe. Sa'an nan ya sunkuya ya kai ɗan yatsa goshin keken, ya daɗe yana lalube a wurin da babu komai sai santsin fenti. Da yake ba ya kiran sunan ɗan farinsa, sai ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Kai, ina tsuntsun?" Babu wanda ya iya amsawa. Can ya miƙe ya ce, "To, Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku masu yi muku." Ya shige ɗaki.

Da faɗa ya yi mana, da ya fi mana sauƙi. Amma Baba mutum ne mai kawaici, kuma ya san don ƙauna muka yi, saboda haka bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Ya hau keken sau biyu ko uku don kada ranmu ya ɓaci. A hawa na ƙarshe kaca ta kama bakin wandonsa ta yaga, tun da babu gidan da zai kare ta, ya turo shi gida ya jingine a zaure. Daga ranar da ƙafa yake zuwa kasuwa, in tafiyar da nisa ya shiga motar haya. Gwangwanin madaran nan na Juma'a kuwa bai ƙara fitowa ba.

Kafin shekara ta zagayo shuɗin fentin ya fara ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, tsatsa ta ɓullo ta ƙarƙashinsa. Sai muka yi shawara a ɓoye mu mayar da keken yadda yake. Muka kai shi wajen wani dattijo Bayarabe mai gyaran keke a bakin Sabo, wanda ke jin Hausa kamar jakin Kano, shi ne kuma ke duba wa Baba keken tun yana sabo. Da farko bai gane shi ba. Da muka faɗa masa, sai ya ajiye sifanar da ke hannunsa ya ce, "Yaran Alhaji, wa ya aike ku?" Muka ce so muke a kankare shuɗin a fito da baƙin da ke ciki. Ya ce, "Wane baƙin? Ai kun riga kun ba iska."

Ya zaunar da mu a kan benci ya yi mana karatun da ya kamata mu nema tun farko. Ya ce fentin kamfani ba shafa shi ake yi a bar shi ya sha iska ba. Sai an wanke ƙarfen, an yi masa maganin tsatsa, an sa fentin, sa'an nan a gasa shi a cikin tanda har ya kama jikin ƙarfen ya yi tauri, shi ya sa yake shekara da shekaru bai ɓare ba. Fentin bakin titi kuwa a kan ƙura da danshi ake fesa shi. Ya ce farin ƙarfen nan mai sheƙi da ke kan keke wani siririn rufi ne da ake yi wa ƙarfe a masana'anta, in sanfefa ta ci shi ya tafi ke nan. Ya nuna mana mahaɗan keken, ya ce da narkakkiyar tagulla aka haɗa su, ba da irin wutar mai walda ba, wadda ke ƙona siririn bututu ta raunana shi. Ya kankare gefen sabuwar kariyar da farce, sai ga tsaga siririya kamar gashi ta fara bi. Lambar da muka cike kuwa, ya ce ita ce sunan yankan keken, da ita ake gane shi in an sace, da ita kuma masana ke lissafin lokacin da aka ƙera shi. Ya ce zai iya fesa mana baƙi, zai iya neman tsohon tambari a wajen masu kayan gwanjo, amma abin da za mu samu keke ne mai kama da na Alhaji.

Wani zai iya cewa, mene ne abin baƙin ciki a kan ƙarfe? Ai don aiki aka yi keke, kuma mai abu shi ke da ikon abinsa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ba kuma za mu ƙi ta ba. Manomin da ya ƙara wa kekensa ƙarfe don ya ɗauki buhun masara, da mai tallan da ya kafa akwati a bayan nasa don neman abin da zai kai gida, babu mai zarginsu, domin bukata ce ta sa su. Shi kansa Baba ya canja taya da tub da kaca da robar birki da feda ba adadi, bai taɓa ɗaukar keken abin ajiya a gilashi ba. Sai dai da muka yi nazari daga baya, mun lura cewa duk canjin da ya yi da sifana ya yi shi, kuma abin da sifana ta kwance sifana na iya mayarwa. Namu kuwa da zarto da wuta da sanfefa muka yi, su kuwa waɗannan ba su san hanyar komowa ba. Daɗin daɗawa, babu wata bukata da ta tilasta mana. Keken lafiyarsa lau, kunyar idon abokai ce kawai ta ingiza mu, muka ɗauki alamun aiki a matsayin datti. Mafi muni kuma, abin ba namu ba ne, mai shi yana raye, makonni kaɗan suka rage ya dawo mu tambaye shi.

Abin da ya ƙara wa al'amarin nauyi shi ne, irin waɗannan kekuna ƙarewa suke yi. Kamfanin Raleigh ya daina harhaɗa kekuna a Nottingham a shekarar 2002, filin tsohuwar masana'antar ma wani sashe na Jami'ar Nottingham ne ke zaune a kai. Sunan yana nan a kasuwa, amma hannuwan da suka ƙera irin na Baba sun watse. Saboda haka duk wanda aka kankare ko aka datse, ya ragu ke nan daga cikin waɗanda suka saura. Ga shi kuwa mukan gan su an shafe su da farin fenti tun daga taya har ƙararrawa, an cusa musu furannin roba an kafa a ƙofar gidan abinci ko wurin ɗaukar hoton biki, wasu kuma an huda jikinsu an ɗaura musu ƙaramin inji. Ɗaliban Hausa sun fi kowa sanin irin wannan asara, domin daidai take da a sami tsohon rubutun ajami, a kwafe shi a sabon littafi mai tsabta, a jefa na asalin a wuta saboda ya yi baƙi.

Shawararmu ga wanda ya gāji irin wannan keke, ko ya tsince shi a kasuwa, ita ce ya fara da ruwa da sabulu da tsumma mai laushi. Maiƙon da ya daskare kalanzir na narkar da shi, tsatsar da ba ta yi zurfi ba ɗan mai da haƙuri na ɗauke ta. Abin da ya mutu a canja shi, a ajiye tsohon a gwangwani. Sau da yawa in aka yi haka za a tarar fentin asali na nan da ransa a ƙarƙashin ƙura. In kuwa zuciya ta nace sai keke mai launi, to sababbi sun cika kasuwa, a saya a yi musu yadda aka ga dama. Kafin dai a ɗauki zarto ko sanfefa, a nemi wanda ya san abin a tambaye shi, a kuma saurari tsohuwar da ta leƙo daga ɗaki.

Keken yana nan a zauren gidanmu na Sabo, shuɗin ya koɗe, tsatsa ta ci rabinsa. Ba mu sake fesa masa komai ba. Kwanan baya wani daga cikin 'ya'yanmu ya tambaya ko na wane ne, muka ce na kakansa ne, muka duba jikin keken don mu nuna masa wata alama ta kakan, muka rasa. Yaron ya kai hannu ya taɓa ƙararrawa, wadda ita kaɗai ta tsira, domin kuɗinmu sun ƙare a wancan lokaci kafin mu kai ga sayen sabuwa. Ta yi ƙara irin wadda muke ji da la'asar in Baba ya shawo kwanar gida. Mahaifiyarmu, wadda yanzu ba ta gani sosai, ta ɗago kai daga kan tabarma ta ce, "Wa ke taɓa keken Alhaji?"

Allah ya jiƙan mahaifinmu, ya yafe mana, ya sa mu iya bambance gyara da ɓarna tun kafin aikin gama ya gama.